Wherigo: akwai sauran rai a jikinsa ko in haƙura?

Bakano_a_Brno:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu harkar rubuta manhaja ce, da kuma duk wanda ya taɓa wasan Geocaching, in akwai shi a nan. Ina karatu a Brno, ƙasar Cek, kuma mutanen nan sun riƙi wasan da gaske, har tsofaffi masu sanda za ka gani suna leƙen gindin benci da waya a hannu. Ina son in gina wasa nawa na Wherigo wanda zai zaga da mutum tsohon gari ya ƙare a ganuwar Špilberk. Abin da ya sa na tsaya shi ne, kamfanin Groundspeak da ya fito da Wherigo a 2008 ya daɗe bai yi masa wani gyara na kirki ba, sababbin na'urorin GPS na kamfanin Garmin ba sa buɗe shi, kuma hankalin Groundspeak ya koma kan Adventure Lab, wata manhajarsa ta zuwa wurare da amsa tambayoyi. Aikin zai ci mini hutun hunturu gaba ɗaya. Shin in yi, ko gini ne a filin da ba a san ranar da za a tashe shi ba?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara da gaya mana mene ne shi wasan tukuna. Mu da muke shigowa zauren nan don koyon gyaran waya kar a bar mu a baya.

DanSafiyo:
Hajiya, bari in taya shi. Geocaching wasan ɓoyo ne da nema. Wani zai ɓoye ɗan akwati ko gwangwani mai ɗauke da takardar sa hannu, ya ɗora lambobin wurin a intanet, ke kuma ki bi GPS har ki gano shi, ki rubuta sunanki, ki mayar yadda kika same shi. Asalinsa daga harkarmu ta awon ƙasa ba shi da nisa. Kafin shekarar 2000 sojojin Amurka da gangan suke gurɓata siginar GPS da farar hula ke samu, sai na'ura ta kauce da kai har mita 100. A farkon watan Mayu na 2000, zamanin Bill Clinton, aka kashe wannan gurɓatawar, kuskuren ya sauko zuwa 'yan mitoci. Ranar 3 ga Mayu wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye bokiti a kusa da Beavercreek a jihar Oregon ya ce a je a nemo. Daga nan abin ya faro. Yau akwatunan da ke ɓoye a duniya sun haura miliyan 3.

Bakano_a_Brno:
Na gode Malam Safiyo. Hajiya, shi kuma Wherigo ƙari ne a kan wancan. Maimakon a ba ki lambobin akwati kai tsaye, sai ki sauke fayil ɗin wasa, wanda ni nake kira kaset. Kaset ɗin labari ne. In kika taka cikin wani yanki da mai wasan ya zana a taswira, sai wani mutum na cikin labarin ya bayyana a fuskar waya ya yi miki magana, ko ya ba ki makulli, ko ya ce kina da minti biyar ki kai wancan dandalin. Sai kin gama labarin ake ba ki inda akwatin yake.

Maman_Hanifa:
Au, tatsuniya ce da ƙafa. To Allah ya ba da sa'a, ina saurare.

Injiniya_Zazzau:
Bakano, ni ra'ayina ka gina. Amma bari mu rarrabe abin, domin in an ce "kamfani ya daina kula da shi" ana haɗa abubuwa uku ne wuri guda.

Akwai manhajar da ake gina kaset da ita. Ta kamfanin ta tsufa, kusan babu mai amfani da ita yanzu. Mutane Urwigo suke amfani da ita a Windows, ko Earwigo da ake aiki da ita ta burauza, kuma dukkansu masu sha'awar wasan ne suka rubuta, ba kamfani ba. Sannan akwai manhajar da ke buga kaset ɗin a hannun mai wasa. Nan ma tun da wuri wani ɗan ƙasar da kake zaune ya rubuta OpenWIG don wayoyin Java, a kanta aka ɗora WhereYouGo ta Android, daga baya masu aikin sa-kai na c:geo, wata manhajar Geocaching ta Android, suka karɓi riƙonta, har suka zo suka saka mai buga Wherigo a cikin c:geo ɗin kanta. Kod ɗin waɗannan masu buga kaset duk a buɗe yake a GitHub, shafin da ake ajiye kod, kowa na iya ɗauka ya ci gaba. Na ukun shi ne shafin wherigo.com inda ake ɗora kaset ake saukewa, shi ne kaɗai ya rage a hannun kamfani.

Kaset ɗin kansa da yaren Lua aka rubuta shi, ƙaramin yare ne da aka ƙirƙiro a wata jami'a a Rio de Janeiro a 1993, kuma babu alamar zai ɓace. In ka sauke fayil ɗin .gwc, wato kaset ɗin da aka gama haɗawa, a wayarka, ko data ba ka buƙata, GPS kawai. Abin ya yi kama da Fijo 504: kamfani ya daina ƙera ta tuntuni, amma muddin akwai bakanike da ya san cikinta da mai sayar da kayan gyara, tana kan hanya.

Sarkin_Shakka:
Injiniya, ka faɗi na ukun da sauri ka wuce, alhali nan ne gizo yake saƙar. Akwatin Wherigo da ake bugawa a geocaching.com, shafin Groundspeak na akwatuna, ana haɗa shi ne da kaset ɗin da ke wherigo.com. Shafin ne ke karɓar fayil ɗin .gwz na mai gini, wato asalin kod ɗin kaset, ya harhaɗa wa kowane mai saukewa nasa kwafin da sunansa da lambar kammalawa a ciki. Ranar da suka ce kuɗin riƙe shafin ya fi amfaninsa, shi ke nan, sabon ɗan wasa ba shi da inda zai samo kaset ta hanyar da aka sani. Kaset ɗin da ke cikin wayarka zai yi aiki, na yarda. Amma Bakano ba don kansa zai gina ba, don baƙi ne da bai taɓa gani ba.

Kuma kar a ce ba a taɓa yi ba. Garmin da kanta ta buɗe shafin opencaching.com a 2010 don ta yi gogayya da Groundspeak, a 2015 ta rufe shi.

Zango_Hamburg:
Ni ina yin wasan nan a Jamus, mu da yarana ranar Lahadi. Da wata tsohuwar Garmin Oregon 450 na fara, a kasuwar gwanjo na saye ta. Wanda yaran suka fi so shi ne irin kaset ɗin da ba ya nuna maka hanya ko kaɗan, nisa kawai yake faɗa, sai ka yi tafiya ka sake tambaya ka ga ko ka matso ko ka ƙara nisa. Babban ɗana a nan ya gane amfanin lissafin da'ira da ake koya musu a makaranta.

Abin da zan ce wa Bakano, masu zuwa wasan Wherigo ba su da yawa in ka kwatanta da akwatin da aka ɓoye kawai. Mutane na ganin alamar su tsallake, saboda sai ka nemo wata manhaja daban, ka buɗe wani shafin, ka sauke fayil, ka nemo inda waya ta jefa shi. Akwai ranar da muka kusa gama wani dogon kaset cikin sanyi, manhajar da ke wayata ta rufe kanta, kuma mai kaset ɗin bai sa ya riƙa ajiye inda aka tsaya ba. Ƙaramar 'yata har da kuka. Amma waɗanda suka daure suka gama, su ne suke rubuta dogon yabo.

Yaro_Mai_Gem:
Baba Zango ai Garmin duk suna buɗe Wherigo ko? Na ga wata sabuwa a intanet ina tunanin tara kuɗi.

DanSafiyo:
A'a yaro, riƙe kuɗinka. Colorado da Oregon na farko-farko, irin su 300 da 400 da 450 da 550, su ne suke da shi. Daga Oregon 600 da ta fito a 2013 aka cire. Kuma tsohuwar na'ura tana da nata ciwon. GPS yana ƙidaya makonni ne har 1024 sannan ya koma sifiri, hakan ya faru a Agustan 1999, ya sake faruwa ranar 6 ga Afrilu 2019. Na'urorin da aka daina sabunta musu manhaja, wasunsu kwanan wata ya rikice musu. Wayar hannunka da ke kama taurarin GPS da Galileo da GLONASS da BeiDou a lokaci guda ta ishe ka wasa.

Yaro_Mai_Gem:
To ni dai abin da na sani Pokémon GO ne. Shi ma ai da GPS ake yi, kuma ba ya mutuwa tunda yana kawo kuɗi. Tun 2016 ake yi. Me zai hana Yaya Bakano ya bar tsohon abu ya koma inda jama'a suke?

Injiniya_Zazzau:
Ƙanena, a Pokémon GO ba ka gina labarinka, wasan wasu kake yi. Sannan irin waɗannan su ne suke mutuwa farat ɗaya. Niantic ɗin da ta yi Pokémon GO ita ta fito da Harry Potter: Wizards Unite a 2019, ta kashe shi a ƙarshen Janairun 2022. Minecraft Earth na Microsoft an rufe shi a Yunin 2021. Duk abin da mutum ya tara a ciki ya tafi, domin wasan a saba, wato babbar kwamfutar kamfani, yake zaune, wayarka taga ce kawai. Abin dariyar shi ne Wherigo da aka yi banza da shi ya ga haihuwarsu ya ga jana'izarsu.

Sarkin_Shakka:
Ya ga jana'izarsu ne don babu wanda ya tuna da shi balle a kashe shi. Wannan ba tsari ba ne, mantuwa ce.

Binta_Kod:
Ƙarin bayani kan maganar Yaro: Pokémon GO ma ya canza hannu. A Maris 2025 aka sanar Niantic ta sayar da sashen wasanninta ga Scopely kan dala biliyan 3.5, shi kuma Scopely mallakar Savvy Games ne na asusun zuba jarin Saudiyya. Kuma a 2025 ɗin aka daina tallafa wa wayoyin Android masu tsarin bit 32. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don da yawa daga ƙananan wayoyi masu araha da ake sayarwa a gida, musamman masu Android Go, a kan bit 32 suke tafiya. Wato ba sai an rufe wasa ba, ana iya rufe maka ƙofa kai kaɗai wasan na ci gaba.

Gwanin_Ingress:
Anti Binta, gyara kaɗan: ba duka aka sayar ba. Pokémon GO da Pikmin Bloom da Monster Hunter Now ne suka tafi. Ingress, wanda shi ne na farko tun 2012, ya zauna a hannun sabon kamfanin Niantic Spatial. Mu 'yan Ingress irin fargabar Bakano muke ciki, don sabon kamfanin taswira da fasahar AI ya sa a gaba, ba wasa ba.

Binta_Kod:
Sashen wasanni na ce, amma ƙarinka ya yi. Bari in dawo kan Wherigo, don ina ganin da Injiniya da Sarkin Shakka duk sun tsallake haɗarin da ya fi kusa. Ba rufe shafi ba ne, Google da Apple ne. Duk shekara Google na ɗaga mizanin da manhaja za ta cika kafin ta zauna a Play Store, wadda aka bari ba a sabunta ba sai ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Android 11 ya zo ya taƙaita yadda manhaja ke leƙa manyan fayilolin waya, kuma Wherigo gaba ɗayansa a kan "sauke fayil ka ajiye a jaka kaza" aka gina shi. Apple kuma tun iOS 11 a 2017 ta daina buɗe manhajojin bit 32. Kowane irin wannan sauyi sai wani ya zauna da daddare bayan ya taso daga aikinsa ya gyara kod kyauta. Buɗaɗɗen kod ba ya gyara kansa. Na san aikin sa-kai, mutum biyu ko uku ne suke ɗauke da shi, sauran dubu suna ƙorafi. Ɗaya ya yi aure, ɗaya ya samu sabon aiki, sai ka ji shiru.

Damagaram_77:
Ina jin daɗin muhawarar. Ni tunanina ya tafi gida. Da za a yi irin wannan a Birni na Zinder, daga fadar Sarkin Damagaram a zaga cikin unguwa, ko a bi ƙofofin Kano, Ƙofar Mata zuwa marina, a wuce Gidan Makama, a hau Dala, yara za su koyi tarihi da ƙafarsu. Kuma tunda ba ya cin data bayan an sauke, ya fi dacewa da mu a kan na sabar kamfani.

DanSafiyo:
Malam Damagaram, niyyar ta yi kyau, amma ka bar akwatin. Ni da nake yawo da kayan awo da takardar aiki a aljihu, sau tari sai na yi bayani kafin a bar ni in kafa ƙafar na'ura. Ka ce baƙo ya tsaya gindin ganuwa yana duba waya yana laluba rami, ya ciro gwangwani ya mayar? A yanayin tsaron da ake ciki? Ko a Turai an sha kiran 'yan sanda masu kwance bam saboda akwatin Geocaching. In za a yi a gida, a yi kaset zalla, labari da tambayoyi, lada ya zama lambar kammalawa. Wherigo ba ya wajabta akwati.

Maman_Hanifa:
Gaskiyarka Malam. Ni in na ga mutum yana tona gindin katangarmu da waya a hannu, mai unguwa zan kira, ba ruwana da tatsuniya.

Lauya_Mai_Jiran_Kira:
Ta fuskar doka akwai abin da ke motsi a Turai. Bayan Ubisoft ta kashe sabar wasan The Crew a 2024, wani mai suna Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, kuma takardar koken da aka shigar ta tsarin Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1 a 2025. Buƙatarsu ita ce in kamfani zai janye daga wasan da ya sayar, ya bar shi a yanayin da za a iya ci gaba da bugawa. Ba su ce a riƙe saba har abada ba.

Sarkin_Shakka:
Barista, kalmar "sayar" ita ce matsalar. Kaset ɗin Wherigo kyauta ake saukewa. Wa zai kai ƙarar wanda ya daina ba shi kyauta? An ma taɓa yin wata ƙungiya ta masu sha'awa, Wherigo Foundation, suka gina nasu shafin suka nemi a ba su ragamar abin a hukumance. Har yau wherigo.com na hannun kamfani. Ba su gyara ba, ba su saki ba. Wannan ratayewar ce ta fi damuna, da sun ce "mun bari, ga makullai" da tuni an san inda aka dosa.

Hauwa_Leeds:
Ni zan kare Adventure Lab tunda kowa na harararsa. Na yi su a nan Ingila da ƙawayena waɗanda ba su taɓa jin Geocaching ba. Manhaja ɗaya, ka buɗe, ka je wuri, ka amsa tambaya, galibi zango biyar, an gama. Babu neman fayil, babu komai. Bakano, in burinka mutane su zaga Brno su ga abin da ka gani, nan za ka samu jama'a. Wherigo na masu haƙuri ne.

Injiniya_Zazzau:
Hauwa, sauƙin gaskiya ne. Amma a Adventure Lab ba za ka iya sa mai gadi ya hana mutum wucewa sai ya kawo fitilar da ya tsinta a zango na biyu ba, ba agogo mai ƙirga lokaci, ba labari mai rassa. Kuma ba kowa ke gina shi ba, sai kamfani ya ba ka dama. Mafi muhimmanci ga tambayar Bakano, abin da ka rubuta a can yana sabarsu ne, ba ka da fayil a hannu. In tsoron rufewa ne ya hana shi Wherigo, to Adventure Lab ya fi rataya a wuyan kamfani, bambancin kawai yanzu shi ne ɗan gaban goshi.

Zango_Hamburg:
In ka yanke shawarar ginawa, ga abin da ƙafata ta koya mini. Ka yi yankunan da faɗi. Tsakanin dogayen gine-ginen tsohon gari sigina na tsalle, mai wasa zai tsaya daidai wurin amma waya ta ce yana bayan gini, yanki mai faɗin mita 10 azaba ce. Ka sa kaset ya ajiye kansa bayan kowane zango. Ka gwada shi a Android da iPhone duka, don ba kullum suke fassara kod iri ɗaya ba. Hotuna su zama ƙanana. Sannan ka tuna dokar tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati, a gari irin Brno samun gurbi kusa da ganuwa ba ƙaramin aiki ba ne, ka tuntuɓi mai duba akwatunan yankin kafin ka rubuta layi ɗaya.

Sarkin_Shakka:
Ga wata tambayar da ba a yi ba. Bakano ɗalibi ne. Dokar wasan ta ce mai akwati shi ke kula da shi, ya canza takarda in ta jiƙe, ya mayar in an sace. In ka gama karatu ka dawo gida fa? Muna ta zargin kamfani da barin abu ba mai kula, kar mu wayi gari kai ma ka bar wa mutanen Brno maraya.

Bakano_a_Brno:
Sarkin Shakka, wannan ta shige ni. Akwai tsarin miƙa akwati ga wani ɗan wasa ya ci gaba da riƙo, kuma akwai abokin karatuna ɗan garin da muke fita tare, zan yi masa magana tun yanzu. Inda na karkata: zan rage labarin, in rubuta shi da tambayoyinsa a takarda daban yadda ko Wherigo ya tafi zan iya zuba shi a wani abin, in kuma ajiye fayil ɗin .gwz a wurina. Maganar Anti Binta ce ban samu amsarta ba. Ina ɗan taɓa Java, ban sani ba ko masu c:geo na karɓar gyara daga sabon shiga.

Binta_Kod:
Suna karɓa, a GitHub ake harkar kod. Ka fara da rahoton matsala mai kyau, wace waya, wane Android, wane kaset, a wane zango ya tsaya. Wannan kaɗai ya fi rabin abin da suke samu. Suna kuma neman masu fassara, kai da ke da Hausa ga ƙofa nan.

Hauwa_Leeds:
Har yanzu dai ina nan kan bakata. Ka gina duka biyun in ka samu dama, bayan shekara ka zo ka gaya mana wanne aka fi bugawa.

Damagaram_77:
Injiniya, koma kan maganar kaset zalla da Malam Safiyo ya kawo. In ba a ɗora shi a wherigo.com ba, Urwigo na iya fitar da .gwc ɗin da zan tura wa ɗalibaina ta WhatsApp su buɗe kai tsaye? Kuma ƙananan wayoyin nan da Anti Binta ta ambata za su ɗauka?

Injiniya_Zazzau:
Urwigo na fitar da .gwc a kwamfutarka, ka tura ta duk hanyar da ka ga dama. Batun wayoyin sai an gwada, GPS ɗin wasunsu na daɗewa kafin ya kama. Ka samo guda biyu ko uku daga hannun ɗaliban, ka zana yanki ɗaya a filin makaranta, ka ga ko za su gane sun shiga.